SULEJA: GARIN DA YA BA DA SUNANSA

Gabatarwa

Da za a shimfiɗa taswirar Nijeriya a gaban ɗaliban ajin ƙarshe a ce musu, "Ku nuna mana inda Abuja take a shekarar 1970," da yawancinsu za su ɗora yatsa a kan babban birnin tarayya, su zauna suna jiran maki. Amma da sun faɗi, gama a 1970 wurin da birnin yake a yau daji ne da gonaki da ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Garin da ake kira Abuja a wancan zamani yana arewa maso yamma da wurin, tafiyar kimanin kilomita 50 a mota. Yana nan har yanzu, da fadarsa da kasuwarsa, sai dai sunansa ya zama Suleja.

Mun zaɓi wannan gari don nazarinmu na tarihi da labarin ƙasa domin yana koya mana abin da ke faruwa sa'ad da babban birni ya tashi a gefen tsohon gari. Suleja ta ba da ƙasarta da sunanta don a gina babban birnin Nijeriya, sa'an nan ta zama wurin kwanan mutanen da ke yi wa birnin aiki. Za mu duba inda take, da yadda aka kafa ta, da mutanen da ke cikinta, da wuraren da ya kamata baƙo ya gani, da kuma nauyin da take ɗauke da shi.

Inda garin yake

Suleja tana cikin Jihar Neja, a kan iyakarta da Yankin Babban Birnin Tarayya. Garin yana zaune a bakin kogin Iku, duwatsu kuma suna kewaye da shi. Daga Suleja zuwa Minna, hedkwatar jihar, tafiyar kimanin kilomita 100 ce, watau Abuja ta fi kusa da ita sau biyu fiye da hedkwatar jihar da ke mulkinta. Ku riƙe wannan a rai, domin za mu sake komowa kansa.

Manyan hanyoyi sun haɗu a kewayenta. Hanyar Kaduna zuwa Abuja ta ratsa ta gefenta, hanyar Minna ta rabu daga nan, a Zuba kuma ta haɗu da hanyar Lokoja wadda ta nufi kudancin ƙasa. Ƙasar wurin tana samun ruwan sama fiye da Kano ko Katsina, damina kuma ta fi tsawo, shi ya sa doya da dawa da masara da shinkafa suke yi sosai. Masarautar Suleja ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Suleja da Tafa da Gurara.

Daga Zariya zuwa Zuba

Tushiya mafarin dawa. Wanda yake so ya gane Suleja, sai ya fara daga Zariya. Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda ya soma a 1804, sarakunan Haɓe ne suke mulkin Zazzau, ikonsu kuma ya kai har ƙasashen Koro da Gbagyi da ke kudu, inda wasu garuruwa suke kai musu gaisuwa. A shekarun farko na jihadin, rundunar Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga Shehu, ta ci birnin Zariya. Labarin da mutanen Suleja suka riƙe ya ce Sarkin Zazzau Muhammadu Makau yana filin idi a bayan ganuwa sa'ad da aka auka masa, bai kuwa sami komawa cikin birni ba. Sai ya nufi kudu da sarakunansa da bayinsa da waɗanda suka ƙi rabuwa da shi, har ya sauka a Zuba, garin Koro.

Makau bai sami zama ba. Sauran kwanakinsa duka a fagen fama ya yi su, har aka kashe shi a yaƙi kusa da Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar ya gaje shi. Ana ce masa Abu Ja, wasu sun ce don shi jan mutum ne, wasu kuma sun ce daga sunan mahaifinsu ne, Sarkin Zazzau Isiyaku Jatau. Shi ne ya ga cewa gudun hijira ba zai yiwu har abada ba. A 1828 ya kafa sabon gari a arewa da Zuba, tsakanin duwatsu, inda dawakin abokan gaba ba za su sami filin sukuwa ba. Bayan shekara ɗaya aka fara gina ganuwa. Garin ya ɗauki sunan mai kafa shi: Abuja.

Abu Ja da waɗanda suka biyo bayansa ba su taɓa sakin sarautar Zazzau ba. Har yau Sarkin Suleja sarautarsa ita ce Sarkin Zazzau. Don haka akwai Sarkin Zazzau biyu a Nijeriya, ɗaya a Zariya, ɗaya a Suleja. Haka ya faru ga Katsina ma, inda zuriyar sarakunan Haɓe suka koma Maraɗi a Jamhuriyar Nijar suna riƙe da sarautar Sarkin Katsina.

Sarakunan Abuja

Ga jerin sarakunan tun daga fitowa daga Zariya har zuwa canjin suna:

Muhammadu Makau, har zuwa 1825
Abu Ja, 1825 zuwa 1851
Abu Kwaka, 1851 zuwa 1877
Ibrahim Iyalai, 1877 zuwa 1902
Muhammadu Gani, 1902 zuwa 1917
Musa Angulu, 1917 zuwa 1944
Sulaimanu Barau, 1944 zuwa 1979

A cikin ƙarni na 19 duka, Abuja ba ta shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba. An kawo mata hari daga Zariya ba sau ɗaya ba, amma ba a ci ta ba. A zamanin Abu Kwaka ne aka buɗe hanyar ciniki da Zariya da Bida, fatake suka fara shiga da fita.

Tarihi na gaskiya ba ya ɓoye ɗaci. Mutanen da suka zo neman mafaka su ma sun zama abin tsoro ga maƙwabtansu. Sarakunan Abuja sun yi ta kai hari kan garuruwan Gbagyi da sauran kabilun kewaye, suna kama bayi suna karɓar gandu. Laƙabin da aka yi wa Sarki Ibrahim Iyalai, watau Dodon Gwari, ya isa shaida. A zamaninsa ne kuma aka yi ta tare hanyar fatake tsakanin Lokoja da Zariya, abin da Turawan Ingila suka kafa hujja da shi suka mamaye garin a 1902. A wannan shekara mulkin Ibrahim ya ƙare da rasuwarsa, Turawa suka naɗa Muhammadu Gani. A zamanin Musa Angulu aka fara haƙar kuza a ƙasar.

Da yake Abuja ba ta shiga hannun masu jihadi ba, ta adana tsarin sarautar Haɓe wanda ya canza kama a wasu wurare: muƙamai irin su Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu, da sarautun mata irin su Iya da Sarauniya. 'Ya'yan garin biyu, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, sun rubuta tarihin garin da al'adunsa da Hausa, wani Bature mai suna Frank Heath ya juya shi zuwa Turanci, aka buga a 1952. Wani masani kuma, M. G. Smith, ya dogara ƙwarai da abin da aka adana a Abuja sa'ad da ya rubuta littafinsa kan mulkin Zazzau wanda ya fito a 1960. Ashe wanda yake so ya san yadda ake mulkin Zariya kafin jihadi, sai ya gangaro Suleja ya tambaya.

Sulaimanu Barau da canjin suna

Sarki Sulaimanu Barau ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin ya hau gado, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka yi ilimin boko mai zurfi. Shi ne ya hana al'adar afi, watau talaka ya durƙusa yana zuba ƙasa a kansa don gai da sarki. A ƙarshen mulkinsa ne babban al'amarin ya zo.

A watan Agusta na 1975, Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don a duba ko Legas za ta iya ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Legas ta cika ta batse, ruwa ya tare ta, tana kuma can kusurwar ƙasa. Kwamitin ya ba da shawarar a gina sabon birni a tsakiyar Nijeriya, a wurin da babu ɗaya daga cikin manyan kabilu uku da zai ce nasa ne. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya sanar da 'yan ƙasa, aka kafa yankin da Doka ta 6 ta wannan shekara. Bayan kwana goma aka kashe shi, amma aikin bai tsaya ba.

An yanko filin, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Kaso mafi girma daga Jihar Neja ya fito, yawancinsa kuwa ƙasar masarautar Abuja ce. Zuba, inda Makau ya fara sauka, ta faɗa cikin yankin tarayya. Haka ma Kwali. Garin sarki kansa aka bar shi a waje, cikin Jihar Neja. Sa'an nan gwamnati ta so sunan ma. A ƙarshen shekarun 1970 sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari kuwa aka haɗa farkon sunan sarki mai ci, Sule, da ƙarshen sunan mai kafa garin, Ja, ya zama Suleja.

Kafin a gina ko ɗaki ɗaya a sabon birni, ma'aikatan hukumar raya shi a Suleja suka kafa sansaninsu, daga nan suke fita kullum su auna daji. Unguwar da suka zauna har yau ana kiranta Field Base. An fara gini sosai a wajen 1980, a ranar 12 ga Disamba 1991 kuma Janar Ibrahim Babangida ya ƙaura da gwamnati daga Legas zuwa Abuja. Mutanen ƙauyen Wuse, waɗanda aka tasa don a gina birnin, an mai da su Sabon Wuse a kan hanyar Kaduna, wadda ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Tafa.

Bayan Sulaimanu Barau, Ibrahim Dodo Musa ya yi sarauta daga 1979 zuwa 1993. Rasuwarsa ta jawo gardamar gado tsakanin gidajen sarauta biyu, gidan Abu Ja da gidan Abu Kwaka. An naɗa Muhammadu Awwal Ibrahim, wanda ya yi gwamnan Jihar Neja daga 1979 zuwa 1983, aka tuɓe shi a 1994 aka naɗa Bashir Sulaimanu Barau, sa'an nan aka mai da Awwal Ibrahim kan gado a shekarar 2000.

Mutanen garin

Za mu iya kasa mutanen Suleja kashi uku bisa ga zamanin zuwansu. Na farko su ne waɗanda Makau ya tarar: Koro da Gbagyi da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana. Na biyu su ne Hausawan Zazzau da suka zo da shi, da Nufawa da Fulani da fataken da suka biyo baya. Na uku, waɗanda suka fi yawa a sababbin unguwanni, su ne waɗanda Abuja ta jawo tun daga 1976: Ibo da Yarabawa da Tibi da Idoma da Igala da Ibira, da mutanen kudancin Kaduna da Filato, da Hausawan Kano da Katsina da Sakkwato. Hausa ce harshen kasuwa, tare da Turancin buroka. Tsohon gari cikin ganuwa na Musulmi ne galibi, a Madalla da Kwamba da sauran sababbin unguwanni kuwa za a ga coci da masallaci a layi ɗaya.

Ƙidayar 2006 ta nuna mutum ɗan sama da 215,000 a Ƙaramar Hukumar Suleja, a lokacin da Jihar Neja duka take da kusan miliyan 4, Yankin Babban Birnin Tarayya kuma yake da kimanin miliyan 1.4. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, don haka wanda ya ba ku adadin mutanen Suleja na yau ƙiyasi ya ba ku. Amma ido ma mudu ne. Wuraren da dā gonaki ne tsakanin Suleja da Madalla da Gauraka da Maje, yanzu gidaje sun haɗe su.

Me ya sa mutane suke tururuwa zuwa nan? Wannan ita ce tambayar da ɗalibin labarin ƙasa ya kamata ya iya amsawa, domin amsar ɗaya ce a ko'ina cikin duniya. A tsakiyar babban birni fili yana da tsada, kuɗin haya kuma yana bin tsadar fili. Gwargwadon nisan mutum daga tsakiya, gwargwadon sauƙin haya, amma kuɗin mota da lokacin tafiya suna ƙaruwa. Kowane ma'aikaci yana auna waɗannan biyu, ya zauna inda aljihunsa zai iya. An tsara Abuja da manyan unguwanni irin su Maitama da Asokoro, amma gidajen masu ƙaramin ƙarfi ba su wadata ba. Masinja da direba da mai gadi da birkila da malamin firamare, waɗanda in ba su birnin ba zai yi kwana ɗaya yana aiki ba, ba su iya biyan hayarsa. Sai suka nemi ɗaki a Suleja da Madalla ta yamma, ko Mararaba da Masaka ta gabas cikin Jihar Nasarawa. Rusau da aka yi a unguwannin talakawa na Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara koro dubban iyalai zuwa waɗannan garuruwa.

Irin wannan gari za mu iya kiransa garin kwana. Tun da asuba motoci suke cika a tashoshin Suleja su nufi Abuja ta Zuba da Kubwa, da dare kuma su dawo da mutanen a gajiye. Yara da yawa ba sa ganin iyayensu da hasken rana sai ranar Asabar da Lahadi.

Duk da haka Suleja tana da abin kanta. Babbar kasuwarta, wadda aka sa wa sunan Ibrahim Babangida, tana jawo masu saye daga Abuja domin kaya sun fi araha. Akwai babbar ma'ajiyar man fetur ta gwamnati a kusa da garin, inda tankoki suke ɗibar mai su rarraba. Akwai kuma makarantar gwamnatin tarayya ta yara masu hazaƙa ta musamman, wadda aka buɗe a 1990, tana ɗaukar ɗalibai daga jihohin ƙasar duka.

Wuraren gani

Dutsen Zuma. Matafiyin da ya taso daga Kaduna yakan san ya kusa Abuja sa'ad da ya hango Zuma kusa da Madalla. Dunƙulallen dutse ne guda ɗaya wanda ya tashi kimanin mita 300 sama da filin da ke kewaye da shi. Asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa. Cikin miliyoyin shekaru ruwa da iska suka cinye ƙasa mai taushi da ta rufe shi, shi kuwa da yake yana da tauri ya rage a tsaye. A jikinsa akwai alamun da suka yi kama da idanu da hanci da baki, kamar fuskar mutum. Mutanen dā suna girmama shi ƙwarai, suna kuma fakewa a kewayensa lokacin yaƙi. An sa hotonsa a bayan takardar Naira 100 da aka fitar a 1999. Bugun farko ya danganta dutsen da Abuja, mutanen Neja suka yi ƙorafi cewa nasu ne, aka gyara rubutun. An karɓi fili an karɓi suna, amma a kan dutse sun ce a'a.

Matsirgar ruwa ta Gurara. Tana kan kogin Gurara, an ratse daga hanyar Suleja zuwa Minna. Ruwan yana faɗowa daga tsayin kimanin mita 30. Da damina ƙararsa tana hana mutum jin maganar na kusa da shi, da rani kuma ruwan yakan ja baya ya kwanta. Muna gargaɗin ɗalibai masu zuwa yawon buɗe ido kada su shiga ruwan da damina, gama duwatsun suna da santsi, ruwan kuma yana da ƙarfi.

Mayanka. Wata matsirga ce a kusa da garin. Sunanta ya faɗi aikinta: a zamanin dā nan ake kai waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa.

Fadar sarki da hawan salla. Wanda yake so ya ga sarautun da muka ambata a sama da idonsa, ya zo ranar hawan salla, sa'ad da masu riƙe da su suke fitowa bisa dawakai kowa da jama'arsa.

Gidan tukwane na Ladi Kwali. Wannan shi ne wurin da ya kai sunan tsohuwar Abuja ƙasashen waje tun kafin a yi mafarkin sabon birni. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani maginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, don ya inganta sana'ar a Nijeriya. Da ya zaga Arewa, sai ya ga waɗansu randuna masu ban sha'awa a fadar Sarki Sulaimanu Barau, aka ce masa aikin wata mata ce Bagwariya daga ƙauyen Kwali, sunanta Ladi. Da ya ga akwai yumɓu da itace da ruwa, ga kuma goyon bayan sarki, ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950.

An haifi Ladi a wajen 1925, ta koyi sana'ar tun tana yarinya a wurin gwaggonta. Ba ta yi makarantar boko ba. Irin ginin matan Gbagyi take yi: tukunya tana zaune wuri ɗaya, maginiya ce take zagaya ta, tana ɗora yumɓu tana jansa da hannu har ta tashi. Sa'an nan ta zana mata ƙadangare da kunama da kifi da kada da tsuntsaye. A 1954 ta shiga makarantar Cardew, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, amma abin da ya ba ta suna shi ne randunanta na hannu, waɗanda aka shafa musu ruwan ƙyalli aka gasa a tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200.

A nan akwai darasin kimiyya. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa domin jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa kaɗan yana tsattsafowa waje ya bushe, bushewar kuwa tana tafiya da zafi. Randar da aka gasa da wuta mai tsanani aka rufe da ruwan ƙyalli ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa, ga ta kuma da nauyi. Randunan Ladi sun bar gindin inuwa a tsakar gida suka koma ɗakunan nune-nune. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma zaga Amurka a 1972 tana gina tukunya a gaban jama'a. Ta sami lambar girma ta Ingila a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, Nijeriya kuma ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980. Ta rasu a Minna a ranar 12 ga Agusta 1984. Hotonta ne a bayan takardar Naira 20, tana gina tukunya. Makarantar, wadda aka sa wa sunanta, ta yi shekaru da yawa cikin rashin kulawa bayan rasuwarta.

Ku lura da wannan: ƙaramar masarauta guda ta ba kuɗin Nijeriya hotuna biyu, dutse da maginiya.

Nauyin maƙwabtaka

Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Mutanen da suke kwana a Suleja ƙarfinsu a Abuja yake ƙarewa, amma ruwan sha da asibiti da makarantar 'ya'yansu da kwasar shara duk suna kan Jihar Neja da ƙaramar hukuma, waɗanda kuɗinsu bai kama ƙafar na birnin tarayya ba. Nan ne nisan nan da muka ambata a farko yake da muhimmanci: mai kuɗi yana kusa amma ba hurumin sa ba ne, mai hurumi kuma yana can Minna. A Abuja ba a aza tubali sai da izini da taswira. Da an tsallaka iyaka kuwa, unguwanni sun tashi ba tituna ba magudanan ruwa, wasu gidajen har a bakin rafi. A watan Yuli na 2017 ambaliya ta ci gidaje da rayuka a garin. A watan Afrilu na 2024 ruwan sama da iska suka rushe katangar tsohon gidan yarin Suleja, wanda aka gina tun zamanin Turawa, fursunoni fiye da 100 suka tsere. A watan Janairu na 2025 wata tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, kusa da garin, mutane fiye da 80 suka mutu, da yawansu sun je ɗibar man da ya zube ne.

Kusanci da babban birni ya jawo wata masifar. A ranar 8 ga Afrilu 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja, ya kashe mutane, cikinsu har da matasa masu yi wa ƙasa hidima. A ranar Kirsimeti ta wannan shekara aka kai hari a cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla sa'ad da jama'a suke fitowa daga sujada, mutane fiye da 35 suka rasa rayukansu. Ƙungiyar Boko Haram ta ɗauki alhakin harin. A ƙarshen watan gwamnatin tarayya ta sa Suleja cikin ƙananan hukumomin da aka kafa wa dokar ta-ɓaci. Masu wannan aiki sun so Kirista da Musulmi su auka wa juna a garin da kowace kabila take da ɗa a cikinsa. Garin bai wargaje ba. An sake gyara cocin, kasuwar Madalla ta ci gaba da ci, mutane kuma suna shiga mota ɗaya da asuba kamar dā.

Kammalawa

Garin da 'yan gudun hijira suka kafa a 1828 ya sake zama mafakar waɗanda babban birni ba shi da wurinsu. Da yawa daga cikinmu, in mun gama karatu, za mu nemi aiki a Abuja, mai yiwuwa kuma ɗakinmu na farko a Suleja ko Madalla zai kasance. Wanda ya sami kansa a can kada ya ɗauki garin kamar tashar mota. Ya san sunan mai unguwarsa, ya shiga aikin gayya na gyaran magudana, ya kai 'ya'yansa su ga fada da gidan tukwane. Waɗansu kuma a cikinmu za su zama masu tsara birane da injiniyoyi da 'yan majalisa. Su tuna cewa birnin da aka zana ba tare da ɗakin direba da mai shara ba, wani gari ne zai biya bashin.

Akwai kuma aikin da za mu iya farawa tun wannan hutu. Mun san jerin sarakunan Abuja da sarautunta domin malamai biyu 'yan garin sun zauna da tsofaffi sun rubuta da harshensu. Kowannenmu yana da gari, kowane gari kuma yana da tsofaffi waɗanda ba za su jira mu har abada ba.

Tambayoyi don nazari

1. Me ya sa ake da Sarkin Zazzau biyu a Nijeriya? Ku kawo misalin wata masarautar Hausa da irin haka ya same ta.
2. Ku bayyana yadda aka sami sunan Abuja da sunan Suleja.
3. Me ake nufi da garin kwana? Ku faɗi abubuwa biyu da ma'aikaci yake aunawa kafin ya zaɓi inda zai kama haya.
4. Don me randar gargajiya take sanyaya ruwa, randar da aka shafa wa ruwan ƙyalli kuwa ba ta yi?
5. Ku zaɓi wani gari da ke gefen Jos ko Kaduna ko Kano, ku kwatanta shi da Suleja: su wa suka kafa shi, su wa suke zaune a cikinsa yanzu, ina kuma suke zuwa aiki?